Yadda Turawan Dā Suka Zana Koguna, Da Yadda Malami Zai Karanta Zanensu

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe littafin Tarihi ko na Labarin Ƙasa a wannan kwaleji ya ci karo da irin hotunan nan na dā, waɗanda aka zana da hannu tun ba a san na'urar ɗaukar hoto ba. Za ka ga kogi ya miƙe lumui, ga dutse can nesa cikin hazo, ga itace ya sunkuyo daga gefe, ga wani ɗan kwalekwale da mutum biyu ko uku a ciki. A ƙarƙashi an rubuta Kwara, ko Binuwai. Mu kan duba mu ce, “Kai, wurin nan da kyau ya ke!” sa'an nan mu juya shafi. To, tun da ya ke gobe-jibi mu ne za mu ɗaga waɗannan hotuna a gaban yara mu ce musu ga yadda ƙasarmu ta ke a dā, na ga ya kamata mu san waɗanda suka zana su, da ƙa'idar da suka bi, da abin da suka bari a waje. Gama yaro ya fi gaskata abin da ya gani da abin da ya ji, in kuwa hoto ya zauna masa a ka, kafin malami ya tumɓuke shi sai an sha wuya.

Inda Abin Ya Samo Asali

A Ingila an yi wani mutum wai shi William Gilpin. An haife shi a 1724, ya rasu a 1804, watau shekarar da Buba Yero ya kafa mulkin Gombe. Limamin coci ne, kuma ya daɗe yana shugabancin wata makarantar yara a Cheam, saboda haka ɗan'uwanmu ne a sana'a. A 1770 ya shiga jirgin ruwa ya bi wani kogi da a ke kira Wye, wanda ya taso daga ƙasar Wales ya bi ta kan iyakarta da Ingila. Yana tafe yana zane, yana rubuta abin da ya gani. A 1782 aka buga littafin, da hotuna a ciki.

Littafin nan ya karɓu ƙwarai. Masu hali suka riƙa zuwa garin Ross suna hayar jirgi, su yi kwana biyu a ruwa har su sauka a Chepstow, kowa da littafin Gilpin a hannu ɗaya, takardar zane a ɗayan. Daga 1793 zuwa 1815 kusan kullum Ingila tana yaƙi da Faransa, hanyar zuwa Italiya yawon buɗe ido ta toshe, sai mutane suka koma ga kogunan ƙasarsu da duwatsunta, abin ya ƙara bunƙasa.

Abin da Gilpin ya koya wa mutanensa shi ne wani irin kallo. Suna da kalma guda da su ke kiransa da ita, ma'anarta wurin da ya yi kama da zane, ko wurin da ya cancanci a zana. A nan zan riƙa ce masa kyan zane. Ku lura da yadda maganar ta juye. Mu a saninmu zane ne a ke yaba wa in ya yi kama da wuri. Su kuwa wuri su ke yaba wa in ya yi kama da zane. Zanen da su ke awo da shi kuwa na wani Bafaranshe ne, Claude Lorrain, wanda ya zauna a birnin Rum ya rasu a 1682, ya yi suna wajen zana ruwa da kangaye cikin hasken la'asar sakaliya.

Har wani ɗan madubi suka ƙera suka sa masa sunan Claude. Baƙi-baƙi ne, yana da ɗan tudu a tsakiya, girmansa bai wuce ya shiga aljihu ba. In mutum ya iso wuri mai kyau sai ya juya wa wurin baya, ya ɗaga madubin, ya kalli kogin a ciki. Madubin ya kan tattara wurin ya ƙanƙanta shi, ya dusashe launinsa, sai ya fito kamar tsohon zane. Jama'a, ku ji fa! Mutum ya biya kuɗin jirgi, ya yi tafiyar kwanaki, ya iso bakin kogi, sa'an nan ya ba shi baya.

Ƙa'idodin Kyan Zane

Gilpin ya kasa hoton kogi kashi huɗu. Akwai ruwan kansa a tsakiya. Akwai gaɓa biyu, dama da hagu, waɗanda su ke kamar labule suna jan ido zuwa ciki. Akwai kuma abin da ya tare gaba, inda kogin ya karya kwana, ko dutse ko daji ko tsohon gini. A kan wannan sai a ƙara kayan ado: itace mai karkace, dutse mai kaushi, jirgi, dabba.

Abu mai santsi ko mai tsari ba ya shiga. Gona da aka yi wa kunya a jere, da sabon gida mai kusurwa huɗu, ba su da daraja a wurinsa kamar kango da kututture. Ya ce shanu biyu ba su yin kyau a hoto, sai uku, ɗaya ta ɗan ware. Ya kuma yarje wa mai zane ya matsar da itace, ko ya ƙara wa dutse tsawo, in ya ga halittar wurin ba ta bi ƙa'ida ba. A bakin kogin Wye akwai wani kangon gidan ibada da a ke kira Tintern, wanda aka kafa a 1131, Sarki Henry na 8 ya rufe shi a 1536. Da Gilpin ya gan shi sai ya ce kan bangon ya cika daidaito, da za a sami mai sa guduma da dabara ya ɗan farfasa shi da ya fi kyau.

A nan Tintern ne za mu fara ganin aibin abin. A lokacin da ya je, kusa da kangon akwai maƙera babba ta narkar da ƙarfe, da hayaƙi da ƙara. A jikin kangon kuma akwai bukkokin matalauta da mabarata, shi da kansa ya rubuta irin halin ƙunci da ya same su a ciki. Amma in ka duba hotunan da ke cikin littafin, ba maƙera, ba mabaraci, sai kango da itatuwa da ruwa shiru. Alƙalaminsa ya faɗi gaskiya, zanensa ya rufe ta. Mai sayen littafi kuwa hoto ya ke fara dubawa.

Yadda A Ke Buga Hoton

Kafin mu ƙetaro ƙasarmu, bari in bayyana yadda zane ke tashi daga takardar matafiyi ya shiga littafi, don a nan ma akwai abin lura.

Matafiyi ya kan zana wurin da fensir a gurguje, wani lokaci yana cikin jirgi mai tafiya, wani lokaci zazzaɓi na kaɗa shi. In ya koma gida sai ya miƙa wa gwanin zane. Hanya ɗaya ita ce ta farantin jan ƙarfe: a barbaɗa masa garin ƙaro, a gasa ya kama, a rufe inda a ke so ya fito fari, a tsoma shi cikin ruwa mai cin ƙarfe. Inda ruwan ya ci ya kan riƙe tawada, sai a danna takarda a kai, hoto ya fito da duhu da haske kamar an yi shi da ruwan tawada. Irin wannan ce a littafin Gilpin. Hanya ta biyu ta dutse ce, wadda wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano a 1796. A kan sami dutse mai laushi a goge shi sumul, a yi zanen a kansa da alli mai maiƙo, a jiƙa shi da ruwa, sa'an nan a bi shi da tawada mai maiƙo. Da ya ke ruwa da mai ba su shiri, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda allin ya bi.

Abin da na ke so mu riƙe shi ne, hannu biyu ko uku hoton ya bi kafin ya iso gare mu, kuma mai hannun ƙarshe yawanci bai taɓa taka ƙasar ba. Inda fensirin matafiyi ya bar fili, sai gwanin ya cike da abin da ya saba zanawa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga itace a bakin Binuwai wanda ba ka iya cewa ko gawo ne ko marke ko ɗorawa, itace ne kawai irin na littafi.

Kwara A Idon Matafiya

Baturen farko da ya ga Kwara ya koma ya ba da labari shi ne Mungo Park, a Segu ta ƙasar Mali ta yanzu, cikin watan Yuli 1796. Da ya tashi bayyana faɗin kogin sai ya kwatanta shi da kogin Thames a tsakiyar Landan. Ba laifi ba ne, kowa da abin da ya sani ya ke awo, amma ya nuna mana cewa baƙo da nasa kogin a ka ya ke zuwa. Park ya halaka a Busa a tafiyarsa ta biyu, wurin kuwa yanzu yana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji da aka gama a 1968. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin daga Busa har teku.

A 1832 wani attajirin Liverpool, Macgregor Laird, ya shirya jirage biyu masu tafiya da tururi don su shigo ciniki, Lander na jagora. Ɗaya an sa masa suna Kwara, ɗayan Albarka, kalmarmu ce suka ara. Gwamnatin Ingila ta haɗa su da wani hafsan sojan ruwa, William Allen, don ya auna kogin ya yi taswirarsa. Sun hau har Raba ta ƙasar Nufe, sun kuma ɗan shiga Binuwai, wadda a lokacin su ke kira Cadda don suna zaton daga tafkin Cadi ta fito. Allen gwanin zane ne. A 1840 aka buga zane-zanensa a Landan, sunan littafin kuwa da Hausa shi ne wurare masu kyan zane a kogin Kwara. Kalmar nan ta Gilpin ce ya ɗauko ya ɗora wa koginmu.

A ciki akwai gaɓar dutse ta Idah, da jiragen 'yan kasuwa, da Dutsen Patti, da mahaɗar Kwara da Binuwai inda Lakwaja ta ke yanzu. Ƙa'idar nan ta kogin Wye tana nan daram: ruwa a tsakiya, gaɓa dama da hagu, duwatsu can nesa, mutane ƙanana-ƙanana a gaba kamar kayan ado. Ruwa kwance, sama garau. Wanda ya duba sai ya ji sha'awar zuwa.

Ga abin da hoton bai faɗa ba. Turawa 48 suka fita wannan tafiya, 9 kaɗai suka tsira da ransu, yawancin sauran zazzaɓi ya kashe su. Lander kansa an harbe shi a kogin, ya rasu a tsibirin Fernando Po a 1834. Littafin Allen kuma ya fito a daidai lokacin da Thomas Fowell Buxton ke tara jama'ar Ingila don a aika wata babbar tafiya, a hana cinikin bayi, a kafa gona da ciniki a bakin Kwara. A 1841 jirage uku suka shigo, Allen na jan ɗaya, Samuel Ajayi Crowther na cikin ayarin. Cikin Turawa wajen 145, fiye da 40 suka mutu a 'yan watanni, aka janye. Sun yi wa rogo kallon kitse. A zamanin nan suna zaton mugun iskar fadama ke kawo zazzaɓi, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar sauro ne ke ɗauke da shi. Ruwan nan mai kwanciya da ya ƙawata hoto, a gefensa sauron ke haihuwa.

Barth A Bakin Binuwai

Heinrich Barth Bajamushe ne, amma gwamnatin Ingila ya yi wa aiki, a ƙasashenmu kuma Abdulkarim a ke kiransa. Ya shiga Kano a farkon 1851, ya hau Dala ya zana birnin. Ran 18 ga Yuni 1851, yana kan hanya daga Kukawa zuwa Yola, ya iso wani wuri da a ke kira Taepe, inda kogin Faro ya haɗu da Binuwai, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru ta yanzu. Ya ƙiyasta faɗin Binuwai a nan wajen yadi 800. Ya yi murna matuƙa, har ya shiga ya yi wanka. Da ya isa Yola Lamiɗo Lawal bai yarda ya zauna ba, saboda ya fito daga Barno da takardar Shehu, ya juya ba shi da lafiya.

Littafinsa ya fito a 1857 da 1858, juzu'i biyar, da Turanci da Jamusanci. Hotunan ciki wani mai zane na birnin Munich, Johann Martin Bernatz, ya gyara su daga zanen fensirin Barth. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai zo Kano ba, bai ga Binuwai ba. Saboda haka in muka ɗaga hoton Kano daga kan Dala, mu tuna idon mutum biyu mu ke aro, na biyun kuwa ko hangen Dalar bai yi ba, balle shiga birni.

Barth ya fi sauran nesa ba kusa ba wajen jin harsunanmu da rubuta sunayen garuruwa da tarihinsu. Duk da haka, da ya tsaya a bakin Binuwai, abin da ya fara zo masa a rai shi ne ga hanyar da jiragen Turai za su bi su shigo tsakiyar ƙasa. Labarin da ya aika gida ya sa aka turo jirgin Pleiad a 1854, William Baikie na ja, ya hau Binuwai har ƙasar Muri, wadda Hammaruwa ɗan'uwan Buba Yero ya kafa. Wannan karo kowa ya riƙa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. Daga nan jiragen ciniki suka yawaita. A 1886 kamfanin Neja ya sami takardar izni daga Sarauniya, ran 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja, a ƙarƙashin dutsen nan da Allen ya zana. Ban ce zane ne ya ci ƙasarmu ba, bindiga ce ta ci ta. Amma hoton da ya nuna kogi mai faɗi, ƙasa mai albarka, mutane 'yan kaɗan a gefe, ya saukaka wa mai kallo a Landan ya ɗauka wuri ne da ke jiran mai shi.

To, Gongola Fa?

Namu kogin ya taso daga gabashin duwatsun Jos, ya nufi arewa maso gabas har Nafaɗa, sa'an nan ya karyo kudu, ya karɓi Hawul, ya faɗa Binuwai a Numan. Tsawonsa ya fi mil 300. Barth bai zo nan ba, amma abokin aikinsa Eduard Vogel ya zo tsohuwar Gombe, watau Gombe Abba, a 1855. An kashe shi a Wadai a 1856, yawancin takardunsa suka salwanta. Bayansa Gerhard Rohlfs ya ratsa ta ƙasar Gombe daga Kukawa zuwa Bauci, ya isa Lakwaja a 1867. A 1904 ayarin Boyd Alexander suka hau Gongola da jiragen ƙarfe har Ashaka, su kam da na'urar ɗaukar hoto a hannu. A farkon mulkin Turawa kayan da za a kai Barno su kan bi ruwa har Nafaɗa in kogi ya kawo. An mai da hedkwatar Gombe Nafaɗa a 1913, aka dawo da ita nan Doma a 1919.

A ce Gilpin ya zo Daɗin Kowa da madubinsa, da ya sami duk abin da ya ke nema. Ga ruwa, ga Dutsen Bima ya tare gaba, ga shanun Fulani, ko uku ya ke so ko ɗari. In kango ya ke bukata sai a kai shi Burmi. Amma Burmi a wurinmu ba kayan ado ba ne. Nan ne ran 27 ga Yuli 1903 sojan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya tare da ɗaruruwan mutanensa. Baƙo ya ga kufai ya ce ya yi kyau a hoto, ɗan gari ya gani ya tuna waɗanda ke kwance a ciki.

Haka kuma ruwa. Mai zane ba abin da ya ke so kamar inda kogi ke gudu a kan duwatsu yana kumfa. A daidai irin wurin nan ne wani ɗan baƙin ƙuda ke yin ƙwai, wanda cizonsa ke sa ƙaiƙayi da makanta. Kwarin Hawul ya yi suna da wannan ciwo, har aka riƙa ganin yaro na jan babba da sanda, kafin a fara raba maganinsa kyauta bayan 1987. Inda ruwa ya kwanta da ciyayi kuwa, nan katantanwar da ke kawo tsargiya ta ke zama. Kyan ɗan maciji ke nan. Sa'an nan hoto rana ɗaya ya ke kamawa, alhali Gongola ta Agusta da Gongola ta Maris kamar ba kogi ɗaya ba ne: waccan ta cika ta batse tana cin gonaki, wannan rairayi ne da ɗan ruwa yana bin gefe, masu lambu na haƙa a ciki. Tun da aka gama madatsar Kiri a 1982 da ta Daɗin Kowa a 1984 ma, tafiyar ruwan ta sake. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Kada Mu Zubar Da Su

Kada wani ya ji wannan ya ce to a kawar da hotunan daga aji. Sam. Suna cikin 'yan shaidu kaɗan da mu ke da su na kamannin ƙasar nan kafin zuwan na'urar hoto. Daga gare su mu ke ganin girman jiragen 'yan kasuwa na Kwara, da siffar rumbu da ganuwa, da irin suturar mutane. Allen ma'auni ne, layin duwatsunsa abin dogara ne ko da ya ƙawata gabansu. Su kansu Ingilishi ba su bar Gilpin ya sha ba: a 1812 aka buga wani littafin ba'a a kan wani malami, Dakta Syntax, wanda ya fita neman kyan zane a kan ramammiyar goɗiya, yana ta faɗawa cikin wahala don idonsa na kan takarda.

Muna kuma da namu matafiyin. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Wani mai wa'azi, J. F. Schön, ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga a 1885. A ciki ya bayyana Ingila da mutanenta, har da yadda su ke cin abinci, da idon Bahaushe. Ya rasu a Kano a 1912. Malamin da zai nuna wa yara yadda Bature ya ga Kwara, ya kyautu ya gaya musu akwai Bahaushen da ya ga Landan ya kuma faɗi nasa.

Shawara Ga 'Yan'uwana Malamai

In za ka ɗaga irin wannan hoto a aji, ga tambayoyi biyar da na ke ganin ya kamata ka yi tare da yara:

1. Wa ya zana, a wace shekara, kuma shi ne ya je wurin ko wani ne ya gyara masa?
2. A ina ya tsaya? A cikin jirgi, ko a kan dutse, ko a cikin gari tare da mutane?
3. Wane lokaci ne na shekara, damina ko rani?
4. Mutanen da ke ciki me su ke yi, kuma me ya sa aka yi su ƙanana ko manya?
5. Me ya kamata a gani a bakin kogi wanda ba a gani a nan?

Ta biyar ɗin ita ce uwa. A makarantar mishan da na yi, akwai hoton wani kogin Ingila a bango, kore shar, da gada da tumaki, da yawa cikinmu kuma mun tashi muna ɗauka irin wannan shi ne kogi na gaske, namu kwari ne kawai. Da na je koyon aikin koyarwa a wata firamare a nan Barunde, na nuna wa 'yan aji biyar hoton mahaɗar Kwara da Binuwai na tambaye su me babu. Wata yarinya ta ce babu masu wanki. Wani yaro ya ce babu masu ɗiban yashi. Wani kuma ya ce, “Malam, ina kasuwar kifi?” Cikin minti biyar sun cika allo. Yaran nan sun san bakin ruwa, abin da su ke bukata kawai a nuna musu cewa saninsu ilmi ne.

Bayan wannan sai a fita da su. Ba sai an je Daɗin Kowa ba, ko da ya ke mil 20 da 'yan kai ne kawai daga nan. Garin Gombe cike ya ke da kwaruruwa da ruwan damina ya haƙa, suna cin gidaje da hanyoyi shekara da shekaru. A je da rani, da iznin hedimasta, kada a kuskura a shiga kwari in hadari ya haɗu, gama ruwa kan zo daga sama ba sallama. Kowane yaro ya yi zane biyu na wuri ɗaya. Na farko ya bi dokar Gilpin, ya zaɓi mai kyau ya bar sauran. Na biyu ya sa duk abin da idonsa ya gani, da bola, da leda, da bangon gidan da ya rage taku uku ya rufta. In an koma aji a liƙa su gefe da gefe, a tambayi yara wanne za su aika wa baƙo, wanne za su kai wa mai unguwa, kuma don me. Darasi ɗaya ya haɗa Zane da Tarihi da Labarin Ƙasa da Kiwon Lafiya.

Kada kuma mu yi wa masu madubin Claude dariya da yawa. Yau in ɗayanmu ya je bakin madatsa, me ya kan yi? Ya juya wa ruwa baya, ya ɗaga waya, ya karkata ta don kada juji ya shiga, ya sauya launi, sa'an nan ya aika wa abokai. Madubin ne dai ya sake kama. Bambancin kawai, yanzu zanen ƙasarmu a hannunmu ya ke, waɗanda za su zo bayan shekara ɗari kuma hotunanmu za su duba su ce ga yadda Gombe ta ke. In mun ɓoye musu kwarin da ke cin unguwa, ba mu da bakin zargin Allen. Da ɗan gari kan ci gari, mu koya wa yaranmu su kalli ruwansu da idonsu, su yaba kyansa, su kuma san inda ya ke cuta.

Allah ya ba mu ikon koyar da gaskiya, amin.